Tartini, Makaɗin Gogen Da Ya Koma Babbaƙu

Duk wanda ya taɓa koyon wata sana'ar hannu ya san akwai lokacin da koyo ya kan cije. Da fari abu ya kan yi ta gaba kullum, abin da ya gagara jiya yau ya yiwu, har mai koyo ya zaci haka za a yi ta tafiya. Ana nan sai a wayi gari ci gaba ya tsaya cik. Mutum ya yi wata shida, ko shekara, yana aiki kamar yadda ya saba, ko ma fiye, amma hannunsa yana nan inda ya ke. Mai malami abinsa da sauƙi, gama malamin ya kan hango inda cikas ya ke ya nuna masa. Wanda ke koya wa kansa shi ke shan wuya, don shi ne almajiri shi ne malami, laifi kuwa tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani. A daidai nan ne yawancin masu koyo su kan rataye kayan aiki. Cikin tarihin kiɗan Turawa akwai wani mutumin ƙasar Italiya, sunansa Juseppe Tartini, wanda ya koya wa kansa goge, ya kai ga wannan cijewa yana da shekara 24, ya sami hanyar fita, sa'an nan ya rubuta ta don na baya.

Kafin a shiga labarinsa ya kamata a san abin kiɗan. Gogen Turawa, wanda su ke kira biyolin, ɗan'uwan gogen ƙasar Hausa ne, ko da ya ke sun bambanta wajen ƙira. Na Hausa ƙwarya ce a ke rufe wa fatar guza, tsirkiyarsa guda ɗaya ta gashin wutsiyar doki. Na Turawa kuwa ɗan akwatin katako ne mai ƙugu, a kafaɗa a ke ɗora shi, tsirkiyarsa huɗu, a zamanin Tartini da hanjin tumaki a ke murɗa su. Amma dukansu biyu da izga a ke goga su, watau sandar da aka ɗaura wa gashin doki aka shafa masa ƙaro, kuma dukansu ba su da wata alama a wuya wadda za ta nuna wa makaɗi inda zai sa yatsa, kunnensa kaɗai ke gaya masa. Aikin ya kasu biyu. Hannun hagu shi ke danna tsirkiya ya zaɓi murya. Hannun dama shi ke jan izga ya ba muryar rai, ya sa ta yi ƙarfi ko taushi, ta yi tsawo ko ta gajarta. Mai koyo ya fi damuwa da na hagu, don kuskurensa a fili ya ke, kowa ya ji ya gane. Kuskuren na dama ɓoyayye ne, mutum ya iya shekara goma da shi bai sani ba.

A zamanin nan Italiya ita ce uwar wannan kiɗa. A garin Kiremona Antonio Stradivari yana sassaƙa gogunan da har yau ba a sami waɗanda suka fi su daraja ba. A birnin Rum kuwa Arkanjelo Korelli ya buga littafinsa na kiɗa goma sha biyu, irin wanda su ke kira sonata, cikin 1700, littafin ya zama shi ne allon kowane mai koyon goge a ƙasashen Turai.

An haifi Tartini ran 8 ga Afrilu 1692 a Piran, wani ɗan gari na bakin tekun Adiriyatik. A lokacin garin yana ƙarƙashin mulkin Benis, yau kuwa cikin ƙasar Sulobeniya ya ke. Ubansa mutumin Fulorens ne, yana riƙe da muƙami a ma'aikatar gishiri ta garin, gida ne mai rufin asiri. Iyayensa sun so ya zama limamin Kirista, aka sa shi makarantar limamai a garin da a ke kira Koper yanzu, can ya sami 'yan darussan farko na kiɗa. Cikin 1708 aka aika da shi jami'ar Padua ya karanta ilmin shari'a. Da ya je can, abin da ya fi ɗauke masa hankali wasan takobi ne, har ya yi suna a kai. Ba wanda ya dube shi a wannan lokaci ya ce ga makaɗi.

Cikin 1710 ubansa ya rasu. A wannan shekara Tartini, yana da shekara 18, ya auri wata yarinya wai ita Elisabetta Premazore, wadda danginsa ba su so, don ta girme shi kuma gidansu bai kai nasu ba. Auren ya fusata Kadinal Kornaro, babban limamin Padua, abin har ya kai Tartini ya bar amaryarsa ya gudu. Ya nufi kudu, ya fake a gidan rahibai na garin Asisi, ya zauna wajen shekara uku. Aure guda ya raba shi da karatun shari'a, da limanci, da taimakon dangi. Cikin wannan zaman kaɗaici ya ɗauki goge da gaske, ba tare da ya durƙusa gaban wani mashahurin malami ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gwanayen zamaninsa kuwa tun suna yara ƙanana suka fara, yawancinsu a hannun uba ko kawu. Shi ya fara da gemu ya soma tsiro. Duk da haka ya ci gaba da sauri ƙwarai, har cikin 1714 ya sami aiki cikin makaɗan gidan wasa na Ankona, wani gari mai tashar jiragen ruwa.

A Ankona, cikin wannan shekara ta 1714, bisa ga faɗarsa, ya lura da wani abu da ya zama masa malami. Ya ga in ya goga tsirkiya biyu tare, da ƙarfi, muryoyin kuma suka yi daidai da juna, sai ya ji wata murya ta uku, kakkaura, tana guna-guni ƙarƙashinsu, alhali ba tsirkiyar da ke yin ta. In yatsa ya goce ko da ƙanƙani, sai muryar nan ta karkace ko ta ɓace. Yau an san dalili. Kowace murya girgiza ce, kuma in biyu suka haɗu kunne ya kan ji bambancin da ke tsakaninsu. A ma'aunin da a ke ɗaure goge da shi yanzu, tsirkiya ta biyu tana girgiza sau 440 cikin sakan guda, ta fari kuwa sau 660, saboda haka murya ta uku sau 220 ta ke yi, watau rabin ta biyu daidai. Har yau Turawa suna kiran wannan abu da sunan Tartini. Amfaninsa ga mai koya wa kansa babba ne. Ya sami alƙalin da ba ya karɓar hanci, wanda zai gaya masa ko yatsansa na kan daidai, ba sai ya tambayi abokan da za su yabe shi don kunya ba.

Da haka hannun hagu ya sami mai gyara. Fushin Kadinal ya huce, Tartini ya koma ga matarsa, ana gayyatarsa kiɗa nan da can, yana ci da iyalinsa da goge. Wannan shi ne matsayin da ya fi kowane haɗari ga mai koyo, gama ya iya gwargwadon da za a biya shi, masu saurare suna tafi, ba abin da ke tilasta shi ya sake hali. Kullum yana kiɗa, amma abin da ya riga ya iya shi ya ke maimaitawa. Maimaita abin da aka iya kuwa ba ya ƙara gwaninta, sai dai ya ƙara kafa al'ada, mai kyau da maras kyau gaba ɗaya.

Cikin 1716 ɗan Sarkin Saksoni na ƙasar Jamus yana baƙunci a Benis, manyan gari suna ta shirya masa shagali. Cikin makaɗan da suka yi wasa a lokacin har da wani mutumin Fulorens, Faranchesko Mariya Veracini, wanda shekara biyu kaɗai ya ba Tartini. Veracini ɗan gado ne, a hannun baffansa ya koya tun yana yaro, ya riga ya je Landan ya yi kiɗa cikin 1714. An san shi da girman kai, an kuma san shi da murya mai ƙarfi, tsattsarka, wadda ke fita sarai ko cikin taron makaɗa, da jan izga mai tsawo ba gargada. Tartini ya saurare shi, ya gane gaba da gabanta. Marubucin tarihin kiɗa na Ingila, Charles Burney, wanda ya je Padua cikin 1770 ya tattara labarin Tartini daga waɗanda suka zauna da shi, ya ruwaito cewa washegari Tartini ya bar Benis ya koma Ankona, don ya keɓe ya koyi sarrafa izga.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na fari, Tartini bai tsaya ga cewa wane ya fi shi ba. Wannan magana ba ta da amfani, hassada ta ke haifarwa ko karayar zuciya. Ya sa kunne har ya gano takamaiman wurin da aka fi shi, ya ga yatsunsa ba su kasa ba, hannun damansa ne ya kasa. Cijewa ba ta warwaruwa sai an san sunan abin da ya cije. Na biyu, ya yarda ya bar dandali a lokacin da ya ke bukatar kuɗi, ga mata, ga rashin gado. Mutumin da a ke biya don ya yi kiɗa ya koma ɗaki yana goga tsirkiya guda kamar yaron da aka ba goge jiya, tamkar gardin da ya kusa sauka ya wanke allonsa ya koma babbaƙu. Masu gani daga nesa sai su ce ya ji tsoro ya gudu. Ja da baya ga rago kuwa ba tsoro ba ne.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su a garuruwan wannan yanki, yana ɗan kiɗa a gidajen wasa don ya sami na tuwo, sauran lokacinsa kuwa na izga ne. Bai bar ko kayan aikin ba, an ce ya koma amfani da izga mai ɗan tsawo da tsirkiya masu kauri don murya ta cika. Sakamako ya bayyana cikin Afrilu 1721, sa'ad da aka naɗa shi shugaban masu goge na babbar majami'ar Antoniyo a Padua, garin da ya fita da gudu shekara goma da suka wuce. Al'ada ce a jarraba mai neman wannan aiki, shi kuwa aka ɗauke masa jarrabawa, aka kuma yarje masa ya riƙa zuwa wasu garuruwa kiɗa. Cikin 1723 aka gayyace shi Prag wajen bikin naɗa Sarki Charles na Shida sarautar Bohemiya, ya zauna can har 1726. Da ya komo ya buɗe makarantar goge a Padua wajen 1728. Almajirai suka yi ta zuwa daga Italiya da Faransa da Jamus da sauran ƙasashe, irin su Pietro Nardini da Pagin da Graun da Naumann, har aka yi masa laƙabi Malamin Al'ummai. An yi ta kiransa Faris da Landan, ya ƙi barin Padua.

Hanyar da ya bi ta fito fili cikin abin da ya koya wa almajiransa, musamman cikin wata wasiƙa da ya rubuta ran 5 ga Maris 1760. A Benis akwai gidajen marayu da a ke koya wa 'yan mata kiɗa, a ɗaya daga cikinsu, wanda a ke kira Mendikanti, akwai wata yarinya mai shekara 14, sunanta Maddalena Lombardini. Tana Benis shi yana Padua, saboda haka ya rubuta mata darasin da za ta yi ita kaɗai, ba malami a kanta. Don haka wasiƙar ta dace da kowane mai koya wa kansa. Yarinyar ta riga ta iya kiɗa sosai, amma dattijon bai aika mata da wani sabon kiɗa mai wuya ba. Ya mai da ita inda ya mai da kansa shekara arba'in da huɗu da suka wuce.

Ya ce mata babban aikinta yanzu izga ne. Ta fara da yadda a ke ɗora ta kan tsirkiya, a hankali, yadda murya za ta fito kamar numfashi, kada ta fito kamar an buga guduma. Sa'an nan ta ɗauki tsirkiya guda, ba tare da ta danna ko yatsa ɗaya ba, ta fara ja da murya ƙasa-ƙasa, tana ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan har ta kai matuƙa. Ta yi haka in tana jawo izga, ta yi in tana tura ta, ta gwada a gindin izga da tsakiya da baki, har kowane sashe ya yi mata biyayya. Ya ƙayyade mata aƙalla sa'a guda kowace rana a kan wannan kaɗai, ya ce kuma ta raba, kaɗan da safe kaɗan da maraice. Hikimar a fili ta ke. Muddin yatsu suna gudu, hankali yana wurinsu, daɗin waƙa kuma yana rufe aibin murya. In aka ɗauke yatsu aka bar tsirkiya tsirara, ba inda aibi zai ɓuya, kowace rawar hannu sai kunne ya ji ta.

Don saurin wuyan hannu ya umurce ta ta ɗauki wurare uku masu gudu cikin littafin nan na Korelli, ta riƙa kaɗa ɗaya kowace rana, tana rarrabe muryoyi ɗaya bayan ɗaya, ta fara a hankali, ta riƙa ƙara sauri da kaɗan kaɗan. In ta iya farawa da jawo izga, ta juya ta fara da tura ta, don kada hannu ya saba da hanya guda. Wajen hannun hagu ma dabararsa ke nan. Masu goge su kan gusa hannu sama kan wuyan goge don su kai ga sirarran muryoyi, kowa kuwa yana da mazaunin da ya fi sabawa da shi. Tartini ya ce ta ɗauko kowane kiɗa da ta samu, ko mai sauƙi ne, ta gusa hannunta mataki guda daga inda ta saba, ta kaɗa shi duka daga nan ba ta komawa, sai fa in dole. In wannan mazauni ya zama gida, ta gusa gaba. Na ƙarshe shi ne karkaɗa yatsa tsakanin muryoyi biyu maƙwabta, ya ce ta koye shi a hankali, da tsaka-tsaki, da sauri, ta iya kowanne da gangan.

Duk wanda ya duba waɗannan darussa zai ga ƙa'ida guda ce ke ƙarƙashinsu, watau a ware abu ɗaya, a rage masa sauri, a hana hannu bin hanyar da ya saba. Ita ce kuma ke cikin littafinsa da a ke kira Fasahar Izga. Ya ɗauki wani gajeren kiɗan rawa na Korelli, wanda bai kai minti guda ba, ya yi ta juya shi, kowane juyi da irin matsalar izga da ya ke horarwa. Wani bugun littafin ya ƙunshi juyi 38, na baya ya kai 50. Mai koyon da ya cije ya kan zaci maganinsa sabon kiɗa, ya bar wannan ya kama wancan, ya tara guda ɗari duka da aibi iri ɗaya. Tartini ya riƙe kiɗa ɗaya ya sake hannu sau hamsin.

Darasin bai faɗi ƙasa banza ba. Maddalena ta je Padua daga baya ta yi karatu a gabansa, ta auri wani makaɗi wai shi Lodoviko Sirmen cikin 1767, ta yi kiɗa a Faris cikin 1768, da Landan cikin 1771, a zamanin da ba a saba ganin mace da goge a dandali ba, ta kuma tsara kiɗe-kiɗe nata na kanta aka buga. Wasiƙar kuwa an buga ta cikin 1770, Burney ya juya ta da Ingilishi, aka juya ta da Jamusanci da Faransanci, har yau malaman goge suna sa almajiransu jan doguwar murya kan tsirkiya tsirara.

Da ya ke mutane sun fi son labarin mamaki, abin da aka fi sanin Tartini da shi wani mafarki ne. Wani masanin taurari na Faransa, Lalande, ya rubuta cikin littafin tafiyarsa ta Italiya, wanda ya fito cikin 1769, cewa Tartini ya gaya masa ya taɓa mafarki ya miƙa wa Shaiɗan gogensa, Shaiɗan ya yi wani kiɗa da bai taɓa jin mai daɗinsa ba. Da ya farka ya ɗauki goge ya nemi kamo abin da ya ji, ya rubuta kiɗan da har yau a ke dangantawa da Shaiɗan, amma ya ce bai ko kusa da na mafarkin ba. Ba a Turai kaɗai a ke haɗa goge da mutanen ɓoye ba, a ƙasar Hausa ma an san shi wajen bori. Jama'a suka riƙe labarin kamar gwanintar dare ɗaya ta sauko masa. Amma ko cikin mafarkin abin da ya faru a Benis ne ya sake faruwa, kunne ya ji abin da hannu bai kai ba. Wannan rata ita ke baƙanta wa mai koyo rai, ita ce kuma shaidar cewa bai ƙare ba. Wanda ba ya jin aibin kiɗansa shi ne ya tsaya da gaske.

Masu binciken yadda ɗan Adam ke koyo sun zo daga baya sun tarad da abin da Tartini ya gano da hannunsa. Cikin 1897 da 1899 wasu Amurkawa biyu, Bryan da Harter, suka bi diddigin masu koyon karɓar saƙon tangaraho. Suka ga mai koyo ya kan yi gaba da sauri, sa'an nan ya yi makonni a wuri ɗaya, ba ya motsawa sai ya bar sauraron baƙi ɗai-ɗai ya koma jin kalma sukutum. Watau sake hanya ke kawar da cijewa. Cikin 1993 kuma Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu suka bincika almajiran goge talatin na makarantar kiɗa ta Balin, aka kasa su uku bisa ga gwaninta. Suka tarar kafin su cika shekara 18 na gaba sun tara wajen sa'a 7,400 na gwaji su kaɗai, na tsakiya wajen 5,300, na baya wajen 3,400. Suka kuma bambanta kiɗan jin daɗi da aikin gyara, wanda a ke nufar aibi guda da gangan. Irin wannan aiki yana gajiyarwa, shi ya sa gwanayen su kan yanka shi gajere gajere su huta tsakani. Abin da dattijon Padua ya gaya wa yarinya ke nan, kaɗan da safe kaɗan da maraice.

Ba duk abin da Tartini ya sa hannu ya yi albarka ba. Wajen 1740 ya sami ciwo a hannu, wanda ya rage masa kiɗan dandali, ya ƙara karkata ga koyarwa da rubutu. Cikin 1754 ya buga wani littafi inda ya nemi gina dukan ilmin kiɗa kan murya ta uku da lissafi, masana lissafi kuwa ba su gamsu ba, suka ce maganarsa da duhu, abin ya dame shi har ƙarshen ransa. Ya bar kiɗe-kiɗe ɗaruruwa, ya riƙe aikinsa na majami'a har 1765. Matarsa Elisabetta, wadda aurenta ya jefa shi cikin wannan sana'a, ta rasu cikin 1769, shi kuma ya bi ta ran 26 ga Fabrairu 1770, yana da shekara 77. An binne su a majami'ar Katarina ta Padua. Cikin 1896 mutanen Piran suka kafa mutum-mutuminsa a dandalin garin, goge a hannu guda, izga a ɗaya.

Mai koya wa kansa goge, ko na Turawa ko na ƙwarya, in ya ga ya cije, yana da abin ɗauka cikin wannan tarihi. Ya nemi wanda ya fi shi ya saurara, ya yi ta saurare har ya iya faɗin abu guda da wancan ke yi shi ba ya yi. Ya nemi alƙalin da ba ya jin kunyarsa. Tartini murya ta uku ya samu, mai koyo na yau kuwa yana iya ɗaukar kiɗansa a waya ya ji shi kamar na wani. Sa'an nan ya ajiye waƙoƙin da a ke yabonsa a kansu, ya ware aibin nan shi kaɗai, ya ba shi sa'arsa kowace rana, a hankali, ko da 'yan gida za su gaji da jin murya guda. Ya kuma san abin ba na mako ba ne. Tsakanin daren da Tartini ya ji Veracini da ranar da aka naɗa shi a Padua shekara biyar ce. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.